Magaryar Hajiya Safiya

Dillalin da ya yi min hanyar biza cewa ya yi aikin otal ne, gyaran gado da ninke tawul, dab da Harami, har wai daga taga zan riƙa hango hasumiya. Da na sauka Jidda aka saka ni a mota, ba mu tsaya ko'ina ba sai wani gida a Ka'akiyya, can gefen Makka, mai yara rututu da uwar gida wadda har muka rabu ba ta taɓa kiran sunana ba. Shagala take ce min, wato 'yar aiki. Sunana Rakiya, kuma kafin wannan tafiya ni ce mai buga takardu a sashen ayyuka na wata sakatariyar ƙaramar hukuma a Jigawa. Mijina ya rasu ya bar min yara uku, albashin kuma ba ya kai mu tsakiyar wata, shi ya sa na bar su a hannun yayata na fito.

Ba zan tsaya lissafa wahalar gidan nan ba, don in na fara har yanzu raina ɓaci yake yi. Fasfo dai sun karɓe tun ranar farko. Ni ce wanki, ni ce girki, ni ce raino, ko a makaranta yaro ya faɗi ni za a dawo a harara. Amma aikin bai ci min rai kamar shirun ba. Sai in daɗe ban furta kalmar Hausa ko ɗaya ba, har na koma yi wa tukwane magana. Wata rana ina yanka albasa na tuna yadda autata take satar ƙuli-ƙuli ta ɓoye a kumatu, na zauna na yi kuka mai isata. Uwar gida ta leƙo, ta ga albasa, ta koma abinta.

Da ciwon baya ya fara kwantar da ni, sai suka shiga neman yadda za su rabu da ni. A tsakanin nan ne suka tafi da ni Harami wata Juma'a don in riƙe musu yara. Muna ratsa unguwar Misfala a ƙafa na ji wata mata a bakin lungu tana ce wa wani ya matsa mata daga kan kular furarta, da Hausa tsantsa. Cak na tsaya. Atine ce, mutuniyar Maraɗi, mai sayar da dambu da fura, ta zo aikin hajji tun da daɗewa ba ta koma ba. Kallo ɗaya ta yi min ta gane halin da nake ciki. Ta cusa min ƙullin dambu a jaka, ta ƙi karɓar ko sisi, ta sa min lambarta a waya. Ta ce akwai wata tsohuwa a unguwar Hindawiyya da ake nema wa mai kula da ita, amma sai mai jin Hausa, don ta kori 'yan aiki ba adadi.

Da Atine ta haɗa mu, ɗan tsohuwar, Adil, shi ya je ya daidaita da mutanen Ka'akiyya, aka mayar da igamata, wato takardar zamana a ƙasar, ƙarƙashin sunansa. Ranar da ya kai ni gidan ya miƙo min fasfona ya ce in ajiye da kaina. Na karɓa da hannu biyu, sai godiya nake ta yi da Hausa, shi kuwa yana murmushi don Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. Da guntun Turanci da Larabcin da na tsinta a kicin muke fahimtar juna.

Tsohuwar, Hajiya Safiya, a Makka ta girma, ta yi aure, ta tsufa. Ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma in ta buɗe baki sai ka rantse jiya ta baro Gobir. Da na yi mata tuwo da miyar kuka na kai, na juya zan koma kicin in ci nawa a tsaye kamar yadda na saba, sai ta riƙo bakin zanena.

"Nan gidan ba a ci tsaye, ɗiyata. Zamna, sa hannu."

Tun daga ranar kwano ɗaya muke ci. Tana da faɗa, ban ɓoye ba, ni ma kuma bakina ba ya shiru, don haka kullum sai mun yi 'yar ƙwarya-ƙwaryar rigima a kan gishiri ko magani, kafin la'asar mun shirya. Ita ta fara ce wa yarana jikokinta, ita take karɓe wayar in sun kira ta yi ta tsokanar autar tawa.

Gidan tsoho ne, irin na da mai tsakar gida, a tsakiya kuma akwai magarya wadda ta zarce bene tsawo. Ban taɓa ganin magarya mai girmanta ba. A ƙarƙashinta Hajiya take wuni a kan kujerarta. An yi shekaru ba wanda ya taɓa ta da ƙarfe, don duk lokacin da Adil ya kawo maganar, amsar Hajiya ɗaya ce, a Makka ba a saran icce. Kowa kuwa ya san haka ne, bishiyar da ta tsiro da kanta a cikin iyakar Harami ba a sare ta, sai Adil ya bar maganar. Wani yammaci ina tsefe mata kai, ta ɗaga ido ta dubi rassan.

"Da ganyenta anka wanke innata," in ji ta. "Da shi anka wanke mai gidana. Ni ma shi nika jira."

Na ce ta daina irin wannan magana. Ta ce in ci gaba da tsifa, ba shawara take nema ba.

To, magaryar da ba a gyarawa ita ma ba ta san iyaka ba. Wani ƙaton reshe ya haure katanga ya kwanta a saman gidan maƙwabci, wani kuma ya nufi wayar lantarki. Ranar da aka yi iska da ruwa, busasshen reshe ya karyo ya faɗa wa motar maƙwabcin. Mutumin ya yi haƙuri da yawa a baya, wannan karon ya kai ƙara baladiya, hukumar da ke kula da gari. Suka zo suka duba, suka ce kafin ƙarshen wata a kawo kamfani mai lasisi ya kawar da haɗarin, in ba haka ba su za su turo a cire ta. Adil yana Jidda wurin aikinsa. Ya ce kalas, wato shi ke nan, ya gaji, zai turo kamfani a tumɓuke ta a shimfiɗa tayil a huta.

Hajiya ba ta yi musu ba. Abinci kawai ta daina ci. In na kai ta ce ta ƙoshi, ta juya fuska wajen bishiyar. Da na ga abin ya wuce wasa na kira Adil, na manta ni 'yar aiki ce, na ce masa in ya sare magaryar nan to ya nemi likita tun yanzu, don uwarsa za ta bi ta. Ya tambaye ni me nake so ya yi. Na ce ya bar ni in nemo masu aikin, su zo ɗaya bayan ɗaya mu gwada su. Na gaya masa na yi shekaru ina buga takardun 'yan kwangila, na san yadda suke magana in suna da aikin a hannu, na san yadda suke yi in babu. Ya yarda, da sharaɗin in ba a sami wanda zai gamsar da baladiya ba tare da sarewa ba, kamfanin da ya ce zai turo zai yi aikinsa.

Na farko Atine ce ta turo shi. Sale sunansa, yana da zarton inji da igiya, yana bi gida-gida yana sarar dabino da darbejiya. Yana yin sallama na ji Hausar yankinmu ce sak. Ashe ya san kasuwar garinmu, har mai tsiren bakin tasha ya sani. Muka tsaya a soro muna ta hira kamar 'yan uwa, na kusa mantawa da abin da ya kawo shi. Da ya ga magaryar ya ce wannan ai aikin safiya ɗaya ne, zai aske ta ƙwal ya bar gangar jikin, kamar yadda ake yi wa darbejiya a gida, da kanta za ta sake tohowa. Ya ce ya fi son safiyar Juma'a, lokacin da ma'aikata ba sa zagayawa.

Na tambaye shi takardar aiki, ya yi dariya ya ce takardarsa hannunsa. Na ce in reshe ya faɗa kan wayar lantarki fa, ko kan gidan mutumin nan? In kai ka faɗo fa? Ya ce Allah ne mai tsarewa. Na ce haka ne, amma baladiya takarda za ta nema. Ko igama ba shi da ita, kuma gidan da aka kama da irinsa yana aiki shi ma ya shiga uku. Wallahi na so in ba shi aikin nan, don na san abin da ya fito da shi gida shi ya fito da ni. Na zuba masa tuwo ya ci ya ƙoshi, na ce ya yi haƙuri. Bai ji haushi ba, har ya yi wa Hajiya addu'a kafin ya fita, ni ce na wuni raina babu daɗi.

Na biyu kamfanin da Adil ya zaɓa ne na Jidda. Wani saurayi suka turo, farar jallabiya tas, turare tun daga ƙofa, da ƙatuwar waya a hannu cike da hotunan lambunan otal-otal. Takardu kuwa sai ka gaji da gani: rajistar kasuwanci, lasisi, inshora, shaidar horo ta masu hawa bishiya, kowanne da hotonsa sanye da hular kwano. Ban ga abin kushewa ba. Sai dai tun da ya shigo bai ɗaga kai ya dubi magaryar ba, faɗin ƙofa yake aunawa don ya ga ta inda za a fitar da gungumen.

A sakatariya na sha ganin ɗan kwangila ya kawo takardun injiniya, ranar aiki ka tarar da ƙaninsa da shebur. Don haka na nuna hotunan na tambaye shi ko waɗannan mutanen ne za su zo. Ya ɗan sosa ƙeya. Ya ce gaskiya ƙwararrun nasu ba Musulmi ba ne, ba za su wuce shingen shiga Makka ba, in aiki ya faɗo a nan sai su ɗauki leburori a gari su yi musu. Na ce su wane ne leburorin? Ya ce sai ranar. Ban zarge shi da ƙarya ba, don da na tambaya ya faɗi gaskiya. Amma takardun suna Jidda tare da masu su, wanda zai hau bishiyarmu kuma ba wanda ya san sunansa. Na gaya wa Adil haka a waya, ya ce ya ji, amma in tuna wata yana tafiya.

Na kira wasu biyu da na samu a waya. Ɗaya ya ce in turo hoto zai faɗi abin da za a yi ba sai ya zo ba, ɗayan ya sa rana bai zo ba. Hajiya kuwa sai ramewa take yi, kunu kaɗai take kurɓa, shi ma sai na yi da gaske.

Ranar da na raka ta asibiti duba hawan jini, na ga wasu mutane suna gyara dabinon harabar. Na tsaya kallonsu. Kowanne da bel a ƙugu da igiya, sun kewaye wurin da jan kirtani don kada mutane su ratsa, wani dattijo baƙi dogo yana ƙasa yana nuna musu inda za su yanka. Reshe ba ya faɗowa sai an ɗaure shi an sauko da shi a hankali. Na kwafi lambar da ke jikin motarsu.

Dattijon shi ne Muhandis Usman, wato injiniya, mutumin Sudan, ya karanta aikin gona, ya daɗe a Makka. Na sa Adil ya taso daga Jidda ranar da zai zo. Takardunsa ba su kai rabin na saurayin Jidda ba, a wata tsohuwar jaka ma ya zo da su: rajista, izinin baladiyar Makka, inshorar da ta haɗa da ma'aikata da dukiyar maƙwabta, da shaidar karatunsa. Adil ya bi lambobin a wayarsa ya ce duk suna nan daram. Na yi tambayata ta kullum, wa zai hau? Ya leƙa waje ya kira mutum biyu daga mota, suka nuna igamarsu, sunan kamfanin na jiki. Su ne na gani a asibiti.

Sannan ya shiga zagaya magaryar. Ya ƙwanƙwasa gangar jikin, ya tona gindin da yatsa, ya bi saiwar har bakin katanga, ya fita ya duba ta gefen maƙwabci ya dawo. Ya daɗe yana kallon sama. Daga nan ya durƙusa a gaban kujerar Hajiya ya gaishe ta, ya ce kafin ya sa mata ƙarfe akwai abin da yake tambaya a kowane gida a garin nan: da kanta ta tsiro, ko wani ne ya shuka ta? Ya ce in da kanta ta fito, shi iyakarsa busasshe da abin da ke cutar da mutane, shi ma sai an ji ta bakin malamai. In kuwa hannun mutum ne ya shuka ta, malamai da yawa sun sauƙaƙa, zai iya yi mata gyara na sosai.

Ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. Ta dubi Adil, ta dubi bishiyar, na san lissafin da take yi, don abin da take kare magaryar da shi duk shekarun nan shi ake tambayarta a kai. Da ta yi shiru ma ya wadatar. Amma Hajiya ba ta iya ƙarya ba.

"Innata ta shuka ta," ta ce.

Da Hausa ta ci gaba, ni nake juya musu gwargwadon iyawata. Iyayenta da ƙafa suka taso daga Gobir, suna tafiya suna tsayawa su yi noma su ƙara gaba, a hanya aka haife ta. Cikin guzurinsu akwai busasshiyar magarya, innarta ta ɓoye 'yan ƙwallaye a ƙullin zane har suka haye teku. Da suka sami wannan fili suka kafa bukka, sai ta binne su. Ɗaya ce ta yi rai. Hajiya tana 'yar mitsitsiya ita take kai mata ruwan alwala a gwangwani.

Adil ya ce, "Ummi, ba ki taɓa faɗa min ba."

"Ba ka taɓa tambaya ba."

Ya juya ga Muhandis ya ce ke nan ya halatta a sare ta. Muhandis ya ce ya halatta, amma shi bai ga dalili ba. Gangar jikin lafiya lau take, saiwar ba ta taɓa katanga ba, nauyi ne kawai ya yi mata yawa a sama don an daɗe ba a rage mata ba. Zai sauke reshen maƙwabci da na wajen wayar lantarki, ya cire busassu, ya rubuta wa baladiya rahoto da hatiminsa cewa haɗarin ya kau, kuma zai riƙa dawowa yana dubawa. Ya ce askin ƙwal a wannan shekarun nata zai iya kashe ta. Adil ya tafi ya dafa gangar bishiyar. Da ya juyo idonsa ya yi ja. Ya tambayi Muhandis yaushe za su fara.

Kafin ya tafi, Muhandis ya tambayi Hajiya me ta fi so daga bishiyar, inuwa ko 'ya'ya, don ya san yadda zai yi gyaran. Ta ce ganye. Sai ya kira ni ya ce in tsaya a gindin in ɗaga hannu. Akwai wani siririn reshe a ƙasa-ƙasa ta ɓangaren tsakar gida, mai ganye tsilla-tsilla, wanda Sale ya ce shi zai fara sarewa don yana tare hanya. Muhandis ya ɗaura masa jan ƙyalle ya ce wa mutanensa kada wanda ya taɓa shi. Ni na ɗauka wani awo ne na aikinsu.

Sun yi aikin yadda na gani a asibiti. Ƙayar magarya ta yage musu safar hannu, amma ko ɓawon fenti bai fita daga katangar maƙwabci ba, shi da kansa ya kawo musu shayi. Baladiya ta karɓi rahoton. Da yamman nan Hajiya ta ce in yi tuwo, ta cinye malmala guda, ta kuma ce gishiri ya yi yawa. Ban taɓa jin daɗin faɗanta kamar na ranar ba.

Ta ƙara ganin 'ya'yan magaryar sau biyu, tana sa ni in tsince in kai wa Atine. Da hasken rana ya samu hanyar shigowa, siririn reshen nan ya yi kauri ya cika da ganye, har nakan yi mita in ya kama min mayafi. A wannan zaman na biya wa babban ɗana makaranta, na yi ɗawafi ba sau ɗaya ba ina tura Hajiya a keke, na kuma koyi cin abinci a zaune.

Wata safiya bayan ta idar da salla ta ce in kai ta kujerarta. Na shiga ɗauko mata kunu, na dawo na tarar carbin ya zame a cinyarta. Kafin azahar gida ya cika. Matan dangi suna shirin tafiya da ita wurin wanka, na ga Adil tsaye a tsakar gida shi kaɗai, babban mutum ya rasa inda zai sa kansa. Ya dube ni, ya haɗa 'yar Hausar da yake da ita.

"Rakiya, ganye."

Na ɗauki ƙwarya na je gindin magaryar. Jan ƙyallen yana nan, rana ta koɗar da shi. Sai a lokacin na gane abin da Muhandis ya auna da tsawona, na yi masa addu'a ina kuka. Na miƙa hannu, ko ɗage ban yi ba, na tsinka har ƙwaryar ta cika, na kai turmi na daka mata da hannuna.